Ƙeyar Auta

Mai Aski bai taɓa ɓoye wa kowa ba cewa shi fuska ba ta dame shi ba. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a bayan mutane, to ina ruwansa da gabansu? Sai ku yi kiciɓis da shi a hanya, ka gaishe shi ya amsa a ɗarare kamar wanda ake shirin roƙa, amma kana ba shi baya sai ka ji ya ƙwala maka kira, har da tambayar ya mai jiki. Matarsa ta sha faɗa a gaban baƙi cewa duk ranar da ta ɓata, kada a wahalar da shi da hotonta, a nuna masa ɗaurin ɗankwalinta ta baya. Ana dariya, shi ma yana dariya.

Ranar Litinin da hantsi 'yan sanda suka harbe Auta a mahaɗar titi, ƙasa da taku ɗari biyu daga shagon. Auta yaron layin ne, shekararsa goma sha tara, ubansa ya daɗe da rasuwa, shi kaɗai ya rage wa uwarsa a gaba. Aikinsa ɗaukar ƙanƙara a kafaɗa yana kai wa masu sayar da lemo. Mai Aski ya ji ƙarar har sau biyu, ya ɗauka taya ce ta fashe. Kafin ya kashe injin ya fito, an jefa yaron a bayan mota an wuce da shi. Abin da ya tarar kawai buhun ƙanƙara ne a tsakiyar kwalta yana zubar da ruwa, mutane sun kewaye shi suna kallo.

Kafin azahar labarin ya rabu uku. Mai faci ya ce an tsayar da wani mai babur ne ya gudu, harsashin ya sami Auta. Mai sayar da katin waya ta ce ƙarya ne, Autan aka ce ya tsaya, buhun ya toshe masa kunne bai ji ba. Rediyon da ke kan kantar shagon kuma ta ce wani matashi ne ya tasam ma jami'an tsaro gaba da gaba da wani abu mai nauyi a hannunsa. Mai Aski ya saurari duka ukun, kowanne ya gyaɗa masa kai, don shi dai bai ga komai ba sai ruwa a kwalta.

Da ƙarfe uku wata 'yar jarida ta faɗo shagon tana haki, waya biyu a hannu ɗaya.

"Baba, an ce kai ne kake masa aski. Don Allah kana da hotonsa? Mahaifiyarsa ba ta da ko ɗaya. Wayarsa da katin shaidarsa duk suna aljihunsa, suna wajen 'yan sanda. Ƙarfe huɗu muke labarai. In babu fuska, Baba, gobe an manta da shi."

To, nan fa aka zo wurin. Mai Aski yana da ɗabi'ar ɗaukar hoton duk askin da ya burge shi, don ya nuna wa samari su zaɓa. Kawuna sun fi ɗari takwas a wayar nan tasa mai tsagaggen gilashi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya yi wa Auta wani sabon yanka, layi biyu siriri a saman kunnen hagu, aikin da shi kansa sai da ya ja baya ya ce ma sha Allah. Ya laluba tabaransa bai gani ba, ya haƙura. Ya shiga ja da yatsa har ya zo Asabar. Ga ƙeyar Auta.

"Wannan ai baya ne, Baba. Fuska nake so."

Ya ja gaba sau ɗaya. Ga layi biyun nan a saman kunnen hagu, tsaf, an ɗauko su ta gefe, da rabin fuska tana murmushi.

"Ga shi."

"Ka tabbata shi ne?"

Tambayar ta ɗan sosa masa rai. "'Yata, da hannuna na ja layin nan."

Gaskiya ya faɗa, da hannunsa ya ja.

Washegari gari ya ɗauka. Hoton ya fito a talabijin, ya fito a jarida, ya cika wayoyin mutane. Ɗalibai suka buga shi a kwalaye suka yi tattaki har mahaɗar, wani ya zana shi da fenti a katangar makaranta, tsayinsa ya fi mutum biyu. Mai Aski yana baƙin ciki, wannan ba a magana, ya san yaron tun yana zama a kan katakon da ake ɗora wa yara a kujera. Amma in za a faɗi gaskiya, da ya ga layinsa biyu a katanga, kowanne ya kai tsawon tabarya, sai da wani abu mai kama da alfahari ya ɗan motsa a ransa. Ya yi istigfari ya wuce.

Shagon ya koma majalisa. Masu son aski uku, masu gardama goma sha biyar. Rediyo ta buɗe layi, mutane suna ta bugowa. Wani ya ce yaran yanzu ba sa jin magana, in an ce tsaya a tsaya. Wata ta ce ko bai tsaya ba, hukuncin rashin tsayawa kisa ne? Aka kawo wani masani ya yi minti ashirin yana bayani a kan tarbiyya, aka kawo wani ya ƙaryata shi da lissafin yaran da aka harbe a shekara biyar. Wani tsohon ɗan sanda ya ce ku ba ku san abin da ake gani a titi ba. Mai Aski yana aski yana jin kowa da gaskiyarsa, kansa yana ƙara ɗaurewa. Abin da ya lura da shi ɗaya ne, duk cikinsu babu wanda ya ambaci ƙanƙara.

Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa ta ajiye masa kwano ta ajiye jarida a gefensa.

"Malam, wannan hancin ba na Auta ba ne."

"Ke kuma yaushe kika zama mai awon hanci?"

"Auta yana da wushirya. Ina take?"

"Ta gefe aka ɗauka."

"Kuma yaushe rabon da ka ga Auta yana murmushi haka, kamar mai tallan man goge baki?"

Ya ce hoto yana canza mutum, ta bar shi ya ci abinci. Ba ita kaɗai ta yi wannan magana ba. Mai faci ma ya ce shi fa kamar yaron ya fi wannan duhu, aka taso masa a kan yanzu lokacin gardamar fata ne? Ya ja bakinsa. Sauran 'yan layin kuwa, da suka duba zuciyarsu, sai suka tarar ba su da wata fuskar da za su gwada da ita. Shekara huɗu Auta yana wuce su sau goma a rana, buhu ya rufe masa rabin fuska, suna ce masa sannu ba tare da sun ɗago ba. Da aka ba su fuska mai kyau tana murmushi, sai suka karɓa.

Uwarsa ce kaɗai za ta raba gardamar, ita kuwa ba ta kallon talabijin, ba ta fita sai zuwa ofishin 'yan sanda da asibiti, inda ake ta ce mata ta dawo gobe. Mata sun kewaye ta, an hana kowa nuna mata waya don kada a tayar mata da hankali.

Ranar Alhamis da la'asar, Mai Aski yana tsakiyar yi wa wani direba aski, mai sayar da katin waya ta shigo ba sallama ta miƙa masa wayarta. Kakakin 'yan sanda ne a zaune gaban makirufo ya fi goma. A gefensa wani yaro yana zaune ya yi tsuru-tsuru, ubansa a tsaye a bayansa. Kakakin ya ɗaga kwalin masu tattaki, ya kara shi kusa da fuskar yaron.

"Ga wanda aka ce mun kashe," in ji shi. "Ku tambaye shi ko ya mutu."

Yaron ya juya kai don kunya, layi biyun suka fito, sun fara cikewa.

Nan take Asabar ta dawo wa Mai Aski gaba ɗayanta. Ya gama wa Auta, ya ɗauko waya, Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ɗauki ƙeyar, ita ce aikinka, fuskar ba kai ka yi ta ba." Sai wani yaro ɗan kwalisa da ke jiran layi, baƙo daga wata unguwa, ya ce shi ma irin wannan yake so. Aka yi masa, ya gyara zama, ya ba kyamara gefen fuska da murmushi. Bai taɓa zuwa ba kafin ranar, bai sake dawowa ba.

Mai Aski ya kashe injin. Direban ya ɗago daga ƙarƙashin ƙyalle ya ce, "Baba, lafiya? Ka bar ni da rabin kai."

Abin da ya biyo baya, ko a mafarki bai taɓa ganin irinsa ba. Rediyon da jiya take tambayar me ya sa aka kashe yaron, yau tambayarta ko akwai yaron ma. Masanin tarbiyya ya dawo, yanzu a kan labaran ƙarya yake bayani. Wani ya bugo ya ce 'yan siyasa ne suka shirya komai. Wani ya ce shi da idonsa ya ga wanda aka harba yana shan lemo a tasha. Wata tsohuwa ta bugo tana kuka tana godiya ga Allah da yaron ya tashi. Ɗalibai suka rabu biyu, masu cewa a goge zanen katanga da masu cewa gogewa amsa laifi ne, aka tashi an goge idon an bar murmushin. Gidan talabijin ya ba da haƙuri ya dakatar da 'yar jaridar. Har mai faci, wanda jini ya fallatsar wa wando ranar Litinin, ya zo ya zauna a benci ya riƙe kai.

"Ni fa na ga an harbi mutum," ya ce. "Ko ba a harba ba?"

Babu wanda ya san daga wayar Mai Aski hoton ya fita, 'yar jaridar ba ta faɗa ba. Ranar Juma'a ya buɗe shago ya rufe, ya sake buɗewa. Ya yi wa wani yaro aski ya manta bai sa masa ƙyalle ba. Tsoro yake ji, tsoron 'yan sanda, tsoron ɗalibai, da tsoron a ce shekara talatin da ɗaya yana taɓa kawunan mutane bai san su ba.

Asabar da safe yana share gashi, inuwa ta tare ƙofa. Uwar Auta ce. Rabonta da shiga shagon tun Auta yana ƙarami, lokacin da sai ta riƙe masa hannuwa ake masa aski. Ta rame, mayafinta a karkace. Ta zauna a bencin masu jira.

"Yaya, sun ce ba su da ɗana."

Ya jingine tsintsiya.

"Da suna cewa in dawo gobe. Jiya suka ce wane ɗa? Ɗanki ai ga shi can a talabijin da ubansa. Na ce ba nawa ba ne. Suka ce to ɗan wa aka yi wa tattaki? Akwai gawa ɗaya a asibiti tun Litinin, an rubuta ba a san ko wane ne ba. In ba wanda ya shaida ta zuwa jibi, su za su binne." Ta dubi madubi, ta kawar da kai. "An nuna min hoton. Yaron mutane, kyakkyawa. Tun jiya in na rufe ido shi nake gani. Ina neman fuskar Auta, wannan ce take zuwa. Yaya, wane marar tsoron Allah ne ya ba su hoton nan?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya dubi injin, ya dubi ƙasa.

"Ni ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kamar ma ba ta gane da wane yare ya yi magana ba.

"Kai da ka san shi tun bai iya zama ba?"

"Askin na duba," ya ce. "Ban dubi yaron ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ya ɗauka tafiya za ta yi, ta bar shi da abinsa har ya mutu. Sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Rufe shagon. Kai ka ɓatar da shi, kai za ka zo ka nemo min shi."

Ya kira 'yar jaridar a hanya, don bai san wa zai kira ba. Ta same su a ƙofar ɗakin ajiye gawa, ba kyamara, sai waya ɗaya da wata lauya da ta jawo. Sai da lauyar ta yi awa guda tana shiga ofis tana fita da takardu kafin aka bar su. Ma'aikacin wurin, wani dattijo mai takalmin roba, ya gargaɗe su tun a ƙofa cewa wuta tana yawan ɗaukewa, kuma harsashin ta fuska ya fita, su daure.

Ya jawo gawar, ya yaye zanen zuwa wuya.

Uwar Auta ta duba. Ta matsa kusa ta sake dubawa. Mai Aski yana jiran ihu, ihun bai zo ba. Ta juyo tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, idonta a bushe.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba. Ni na haife shi, ban sani ba."

Ma'aikacin ya ce in ba a tabbatar ba, shi ba zai rubuta komai ba. Ya kama zanen zai mayar.

"Dakata," in ji Mai Aski. Shi ma ya dubi fuskar, ba ta ce masa komai ba, kamar yadda fuska ba ta taɓa ce masa komai ba. "Juya min shi."

"Me?"

"Juya min shi, don Allah. Ta baya."

Suka kama tare suka juya shi. Mai Aski ya sa tabarau. Ya zagaya ya tsaya ta saitin kai, inda ya saba tsayawa.

"Kowa a wuri ɗaya gashinsa yake juyawa a tsakar ka. Nasa biyu ne, ga ɗaya, ga ɗaya, shi ya sa ba ya kwanciya sai an bi shi ta hagu." Ya sauke yatsa bayan kunnen dama. "Wannan tabon ni na yi masa da reza, yana shekara shida. Ya zabura ne don an buga ƙwallo a ƙofar shago. Kin yi wata biyu ba kya gaishe ni."

"Uku," in ji uwar Auta.

"Nan kuma kanta ce, wurin da buhu yake zama. Kullum in na taɓa wuyan nan da sanyi nake jin sa, ina tsokanarsa ina cewa ya zo da kayan aiki." Yau ma da sanyi, amma bai faɗa ba.

Sai yatsansa ya tsaya. Ƙasa kaɗan da inda ya daidaita masa gashin ƙeya da reza ranar Asabar, akwai rami ƙarami, gefensa a ƙone.

"Wannan ba ni na yi ba."

Lauyar ta matso ta duba, ta dubi ma'aikacin. "Ta nan harsashin ya shiga?"

"Ni ba likita ba ne," in ji dattijon. "Amma ba ta nan ya fita ba."

Uwar Auta ta ɗora tafin hannunta a tsakar kan, ta rufe wuraren nan biyu. A lokacin ne kukan ya zo, har sai da ma'aikacin ya fita ya ba su wuri.

A waje, a kan bencin siminti, 'yar jaridar ta ce in ya yarda za ta ɗauki maganarsa da wayarta, ya faɗi yadda aka yi da hoton, da sunansa da fuskarsa. Ta ce ba ta yi masa alkawarin za a yarda ba. Wasu za su ce an saya shi, wasu za su ce tsufa ne, wataƙila a fasa masa madubi. Daga ɗakin mai gadi rediyo tana ta yi, wani yana rantsuwa cewa babu wanda aka harba ranar Litinin. Mai Aski ya ce ta ɗauka. Ya faɗa, bai iya tsara magana ba, ya maimaita wasu wuraren, amma ya faɗa duka.

"Saura hoto," in ji 'yar jaridar. "Na gaske."

Ya buɗe wayar, ya ja har Asabar, ya tsaya a na farkon. Ƙeya ce kawai, da wuya siriri, da ƙyallen shago a kafaɗa, da layi biyu suna leƙowa ta gefen hagu. Kunya ta kama shi.

"Shi ke nan abin da nake da shi. Babu fuska."

Uwar Auta ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta kusanto da ita, ta share tsagaggen gilashin da bakin mayafinta.

"Shi ne," ta ce. "Haka nake ganinsa kullum da safe in zai fita. Ina ce masa ya dawo da wuri, ba ya ko juyowa."

'Yar jaridar ta buɗe baki za ta ce a tura mata, Mai Aski ya ɗaga mata hannu. Suka zauna suna jira. Duk lokacin da hasken wayar ya dushe, sai uwar ta taɓa ƙeyar da yatsa ya dawo.